Kashi na 38: Yadda ake tsara hanya da mota mai ɗaki a cikin tsaunukan Alps

Ga waɗanda data ba ta bari su saurari shirin wannan mako ba, ga shi nan na rubuto muku kamar yadda aka saba, sai ku karanta a hankali.

Tun ranar da na sa hoton nan da muke shan shayi a bakin tafki, motarmu a bayanmu, saƙonni suke shigowa. Wani ɗan'uwa da ke karatu a nan Jamus ya rubuto cewa shi da abokansa uku suna so su yi hayar irin motar su gangara Italiya a hutun da ke tafe, in gaya masa hanyar da ta fi sauri. To malam, kalmar nan "sauri" ita ce ta kusa halaka ni da iyalina a shekarar 2022. Shi ya sa na ce ba zan ba ka amsa a layi biyu ba, gara mu zauna mu yi shiri guda a kai.

Ga wanda bai san motar ba, babbar mota ce kamar bas, amma cikinta ɗaki ne. Akwai gadaje, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗaki, da tankin ruwa. Jamusawa suna ce mata Wohnmobil, ni kuma a gida motar-gida muke ce mata. Yawancin waɗanda ake bayarwa haya a kan ƙirar Fiat Ducato aka gina su. Inda dare ya yi muku, in dai wurin da doka ta yarda ne, nan ne masauki. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma fa gida ne kake tuƙawa, kuma gida yana da nauyi.

Bari in fara da abin da ya faru da ni.

A watan Yulin 2022 na yi hayar motar karon farko. Ni da uwargida da yara biyu. Muka tashi daga Munich za mu tafkin Garda a arewacin Italiya, tafiyar da ta kusa kilomita 400. Shirin da na yi duka-duka shi ne na buɗe manhajar taswira a waya, na rubuta sunan gari, na danna. Muka bi ta Garmisch-Partenkirchen, muka wuce Mittenwald, muka shiga Ostiriya, muka kai Seefeld. Hanya lafiya lau, yara suna ta ihun murna suna nuna duwatsu. Daga Seefeld sai hanya ta fara gangara zuwa garin Zirl, kusa da Innsbruck. Gangaren nan sunansa Zirler Berg. Na ga allo an rubuta 16%, na gan shi da idona, amma ban san me yake nufi ga mota irin tawa ba.

Ina giya ta huɗu, ƙafata a kan birki, ina dannawa a hankali ba ɗagawa, kamar yadda nake yi da ƙaramar motata a cikin gari. Can sai uwargida ta ce, "Baban Ummi, ba ka jin ƙauri?" Na ce ai motar gabanmu ce. Ba a yi minti ɗaya ba na ji birkin ya yi laushi, ina takawa yana nutsewa, motar kuma ba ta rage gudu yadda ya kamata. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Allah ya taimake ni na tuna da giya, na dawo ta uku, na dawo ta biyu, inji ya yi wata irin ƙara, motar ta ja baya da gudunta, na samu wani fili a gefen hanya na tsaya. Da na sauka, hayaƙi ne yake fita daga tayoyin gaba. Mun fi awa ɗaya a wurin. Uwargida ba ta ce mini uffan ba, kuma kun san shirun ya fi faɗa ciwo.

Laifin ba na motar ba ne, nawa ne. Na tsara tafiyar kamar mai tuƙa Golf. Duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo a hanyar Jos, ya ga manyan motocin da birki ya ƙwace musu, ya san abin da nake nufi. Bayan shekara biyu, a 2024, muka sake yin tafiyar, wannan karon da shiri. Abin da na koya tsakanin tafiyoyin biyu shi ne zan zayyana muku.

Abu na farko: ka san motarka kafin ka buɗe taswira

Lamba huɗu nake so ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari: tsayi, faɗi, tsawo, da nauyi. Wadda muka ɗauka tsayinta ya kusa mita 3, faɗinta mita 2.3, tsawonta wajen mita 7. Amfanin takardar shi ne, lokacin da ka ga allo a bakin wata gada ko ramin dutse an rubuta 2.8, ba lokacin tunani ba ne, lokacin taka birki ne. Mutum yana mantawa cewa akwai ɗaki a saman kansa.

Nauyi kuma shi ne babba. Lasin ƙaramar mota na Turai, wato rukunin B, iyakarsa tan 3.5 ne, kilo 3,500 ke nan, har da ku da kayanku. Motar da kanta, ba kowa a ciki, takan kai wajen tan 3. Ka ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Yanzu lissafa: manya huɗu, kowa da jakarsa. Ruwa lita 100 a tanki, kilo 100 ke nan cif. Tukunyar gas biyu. Mai cike da tanki. Sannan mu da ba ma tafiya sai da shinkafa da manja da yaji da tukwane. Kafin ka ankara ka haura. 'Yan sanda a Ostiriya suna auna irin motocin nan a hanya, in ka haura akwai tara, kuma za a iya hana ka wucewa sai ka rage kaya. Ko ba tara ma, duk kilon da ka ƙara birkinka ne zai biya shi a gangare.

A tafiya ta biyu, da muka gama lodi sai na kai motar sikelin manyan motoci na wani wurin sayen ƙarafa, na biya kuɗi kaɗan aka auna. Mun haura da kilo 60. Na zubar da fiye da rabin ruwan tanki, na bar abin da zai ishe mu alwala da wanke hannu a hanya, tunda duk sansanin da za mu sauka akwai famfo. Kaya masu nauyi kuma a ƙasa ake sa su, a tsakiyar mota, ba a akwatunan sama ba, don kada motar ta riƙa rangaji a kwana.

Ɗan'uwana ɗalibi, ka duba lasinka ma. Wanda ya tare a Jamus, lasin da ya zo da shi daga gida wata shida kawai yake aiki. Kamfanonin haya kuma yawanci suna da sharaɗin shekaru da na daɗewar lasi. Ka tambaya kafin ka biya kuɗin ajiya.

Abu na biyu: ka koyi karanta gangare

Allon nan na 16% ma'anarsa ita ce, a duk mita 100 da ka yi gaba, ka sauka mita 16. A ido kamar ba yawa. To bari mu yi lissafi. Daga Seefeld zuwa Zirl saukar ta fi mita 500 cikin 'yan kilomitoci. Mota mai tan 3.5 in ta sauko mita 500, ƙarfin da ya taru a jikinta dole ya tafi wani wuri. In da birki kaɗai ka tare ta, kusan duk ƙarfin nan zafi yake komawa, kuma zafin ya isa ya tafasa ruwa wajen lita 50. Ka kwatanta jarka biyu na ruwa suna tafasa, duk zafin a kan faranti huɗu na ƙarfe.

In ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, abu biyu ne suke faruwa. Takalmin birkin yakan daina kamawa sosai. Sannan man birkin kansa yana iya tafasa. Sabon mai irin DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma man birki yana shan danshi a hankali, in ya tsufa yana iya tafasa a wajen digiri 155. In ya tafasa sai tururi ya shiga bututun, tururi kuma yana matsuwa, shi ne za ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. Abin da na fara ji ke nan a Zirler Berg. Shi ya sa ake canza man birki duk shekara biyu, kuma ba laifi ka tambayi masu haya yaushe aka canza na motar da za su ba ka.

Maganin abin a giya yake. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Tun kafin gangaren ya fara za ka rage gudu ka sa ta biyu ko ta uku, ka bar inji ya riƙe motar. Zai yi ƙara, ƙyale shi, aikinsa yake yi. In gudu ya ƙaru sai ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, gudun ya sauka, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ƙarfen ya sha iska. Taka, saki. Taka, saki. In motar otomatik ce, akwai wurin da ake mayar da ita ta hannu, ka nemi a nuna maka tun a wurin haya. Kuma don Allah, al'adar nan ta wasu direbobinmu ta sakin mota a firi a gangare don a rage shan mai, a bar ta. A kan dutse wannan sayar da rai ne.

In ka ji ƙauri, ka nemi fili mai lebur ka tsaya, ka bar ta a giya, ka sa weji, ka jira. Kada ka watsa wa ƙarfen ruwa, zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. A manyan gangare irin Zirler Berg za ka ga an yi wasu gajerun hanyoyi a gefe da suka haura sama, an zuba musu tsakuwa. Na wanda birkinsa ya ƙwace ne, ya shiga tsakuwar ta tsayar da shi. Ka riƙa lura da su, kuma kada ka taɓa yin fakin a bakinsu.

Hawa kuma matsalarsa zafin inji ne. Idonka a kan allurar zafi. In ta fara hawa, sauko da giya, kashe na'urar sanyaya mota. In ta ƙi sauka, tsaya. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Abu na uku: zaɓen mashigi

Duk wanda zai tsallaka Alps daga Jamus zuwa Italiya dole ya bi ta wani mashigi, wato wurin da hanya ta haura tsakanin tsaunuka ta gangara ɗaya ɓangaren. Tsara hanya a dutse kusan duka zaɓen mashigi ne. Bari in ba ku uku da na sani, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Brenner shi ne mafi sauƙi. Tsayinsa mita 1,370, babbar hanya ce mai layi-layi daga Innsbruck har Italiya, a buɗe take duk shekara, tireloli ma ta nan suke bi. A kanta ne ake haye gadar Europabrücke mai tsayin mita 190, wadda aka gama a 1963. Matsalarta cunkoso. Ranar Asabar a watan Yuli da Agusta kamar duk Jamus ce ta fito za ta Italiya. Daga farkon 2025 kuma aka taƙaita wucewa a gadar Lueg da ke kan hanyar saboda ta tsufa ana gina sabuwa, a ranaku da dama layi ɗaya ne kowane ɓangare. In ka ce za ka sauka ka zaga ta ƙauyuka, jihar Tirol takan hana masu wucewa yin hakan a ƙarshen mako na lokacin hutu, 'yan sanda za su mayar da kai babbar hanya.

Na biyu Reschen, mita 1,500 da 'yan kai. Hanya ce mai layi ɗaya kowane ɓangare, amma mai faɗi, hawanta a hankali. Ita muka bi a 2024. A nan ne tafkin nan yake da hasumiyar coci ta fito daga tsakiyar ruwa. A 1950 aka yi dam, ruwa ya cinye tsohon ƙauyen Graun, hasumiyar kaɗai ta rage a tsaye. Hoton shayin da kuka gani a nan aka ɗauke shi.

Na uku Stelvio, wanda kowa yake gani a bidiyo yana cewa sai ya je. Tsayinsa mita 2,757. Daular Ostiriya ce ta gina hanyar tsakanin 1820 da 1825, kuma ta ɓangaren garin Prad kwana 48 ne masu lanƙwasa kamar ƙugiya, kowace da lambarta a jikin dutse. An yi ta ne a zamanin keken doki. Mota mai mita 7 a irin kwanar nan, wani lokaci sai ka shiga hannun masu zuwa, wani lokaci sai ka yi baya ka sake gyarawa, ga rami a bayanka, ga masu babur da masu keke ta ko'ina. Akwai masu hawa da motar-gida, ban ce ba a yi ba. Amma wanda wannan ne karonsa na farko, da iyali a ciki, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu abin da muka yi, mun ajiye motar a sansani a ƙasa, muka hau bas ɗin haya da ke zuwa can a lokacin zafi. Na zauna a taga ina kallon yadda direban yake murza sitiyari, na gode wa Allah da ba ni ba ne. Mun ga dusar ƙanƙara a kan tsaunuka a tsakiyar lokacin zafi, mun yi hotuna, mun sauko lafiya.

Manyan mashigai irin Stelvio a rufe suke duk hunturu, sai wajen ƙarshen Mayu ko Yuni ake buɗewa, a sake rufewa wajen Oktoba ko Nuwamba. Ko a tsakiyar lokacin zafi ƙanƙara tana iya sauka a rufe na kwana ɗaya. Stelvio ma akwai rana guda a shekara da ake hana motoci, a bar wa masu keke. Saboda haka kowane mashigi da ka sa a tsarinka, ka duba shafin hukumar yankin da safen ranar, kuma ka tanadi hanya ta biyu.

Game da manhajar waya: ita lissafinta na ƙaramar mota ne. Ba ta san tsayinka ba, ba ta san nauyinka ba. Akwai manhajojin da ake shigar musu da lambobin nan huɗu su kauce wa hanyar da ba ta dace ba, ka nemi irinsu. Ni bayan haka ma sai na bi hanyar da ido a hoton tauraron ɗan'adam. Duk inda na ga layin hanya ya yi ta naɗewa kamar taliya, sai in tsaya in bincika. Ka sauke taswirar a waya tun a gida, don a cikin kwazazzabai sabis yana ɗaukewa. Ta takarda ma ka saya, ba ta cin caji.

Abu na huɗu: a dutse da awa ake lissafi

Kilomita 100 a babbar hanyar Jamus awa ɗaya ce. Kilomita 100 a hanyar dutse da motar-gida tana iya cin awa uku. Ni yanzu duk lokacin da waya ta ba ni, sai in ƙara rabinsa a kai. In ta ce awa biyu, na san uku ne. Kuma na yanke wa kaina ƙa'ida uku: tuƙi kada ya wuce awa huɗu a rana, babban mashigi ɗaya tak a rana, kuma mu isa masauki kafin la'asar. Hadari a tsaunukan nan yawanci da rana tsaka zuwa yamma yake haɗuwa, ga shi gajiya ma a lokacin take kama direba. Mashigi da safe ake hawansa.

Ga yadda tafiyarmu ta 2024 ta kasance. Rana ta farko daga Munich zuwa Garmisch, wajen kilomita 90 kawai, don hannuna ya saba da motar a hanya mai sauƙi. Muka kwana a gindin Zugspitze, dutse mafi tsayi a Jamus, mita 2,962. Rana ta biyu muka bi ta Lermoos, muka haye Fernpass mai mita 1,200 da ɗoriya, muka wuce Imst da Landeck, muka hau Reschen. Kun ga a nan na ɗan karya ƙa'idata, mashigi biyu ne, amma duka masu sauƙi, kuma tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba. Rana ta uku da ta huɗu muna Prad, motar tana hutawa, mu muna yawo. Rana ta biyar muka gangara ta cikin gonakin tuffa zuwa Meran da Bozen, muka hau babbar hanya zuwa Garda. Dawowa kuma ta Brenner, ranar Talata, ba Asabar ba. Tafiyar da na so in yi a yini ɗaya a 2022, ta ci mana kwana biyar, kuma ita ce yara suke ba da labarinta har yau. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Abu na biyar: kuɗin hanya da dokoki

A Jamus ƙananan motoci ba sa biyan kuɗin babbar hanya, sai mutum ya ɗauka ko'ina haka ne. A Ostiriya kafin ka hau babbar hanya sai ka sayi izinin da suke kira vignette, akwai na kwana ɗaya, na kwana goma, na wata biyu, da na shekara. Wannan na motar da ba ta wuce tan 3.5 ba ne. Wadda ta wuce, wata 'yar na'ura ake manna mata mai suna GO-Box, ana cajin ta kowace kilomita. Hanyar Brenner kuma tana da nata kuɗin daban. A Italiya tikiti za ka zara a ƙofar shiga, ka biya a ƙofar fita gwargwadon nisan da ka yi. In ka ratsa ta Suwizalan, su izinin shekara kaɗai suke sayarwa, faran 40, ko da awa biyu za ka yi a ƙasar.

A garuruwan Italiya ka kula da allo mai jan da'ira da aka rubuta ZTL. Unguwa ce da aka hana baƙin motoci shiga, kyamara ce take ɗauka, tarar kuma sai bayan watanni ta iso ka ta hannun masu haya. In ka ɗaura kekuna a bayan mota, Italiya tana buƙatar allo mai ratsin ja da fari a jikinsu. Riga mai ƙyalli da alamar kusurwa uku su kasance a inda hannu zai kai. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu kuma, in akwai ƙanƙara a hanya, Ostiriya ta wajabta tayoyin hunturu. Ni dai shawarata, sabon hannu ya bari sai tsakanin Yuni da Satumba. Fasfo da katin zama su kasance a jikinku, don ko da yake ƙasashen nan duk na Schengen ne, ana tsayar da motoci a iyaka. Lambar gaggawa 112.

A siririyar hanyar da mota biyu ba za su gifta ba, a Italiya da Suwizalan mai saukowa ne yake ba mai hawa hanya, saboda tayar da mota a tsakiyar hawa ya fi wuya. In kuma ka duba madubi ka ga motoci sun yi jerin gwano a bayanka, da ka samu fili ka raɓe su wuce. Kada ka bari hon ɗin wani ya sa ka gudun da ba naka ba.

Abu na shida: wurin kwana

Mutane suna ɗauka da motar-gida duk inda ka ga dama za ka kwana. A jihar Tirol haramun ne kwana a mota a wajen sansanin da aka ware, kuma suna cin tara. A yankunan Italiya masu yawan baƙi ma haka abin yake a garuruwa da dama. Akwai sansanoni manya masu banɗaki da wanki, akwai kuma ƙananan wuraren fakin na irin motocin nan masu wuta da famfo da wurin zubar da ruwan datti, sun fi araha. A watan Agusta, musamman makon 15 ga wata da Italiyawa suke babban hutunsu, in ba ka kama wuri tun da wuri ba za ka yi ta zagaye da dare.

Ka tuna sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Kana iya barin Meran da 'yar shara, ka kwana a Reschen kana neman bargo. Ka tabbatar akwai gas, don da shi na'urar ɗumama ɗaki take aiki. Mai kuma kada ya sauka ƙasa da rabin tanki kafin ka fara hawa, gidajen mai a sama ba su da yawa, motar kuma tana sha sosai a hawa. Cefane a yi shi ranar Asabar, don ranar Lahadi yawancin kantuna a Jamus da Ostiriya a rufe suke. A gidajen abinci na yankin Tirol kuma ka riƙa tambaya, don suna sa busasshen naman alade da suke kira Speck har a cikin miya da dunƙulen burodinsu. Mu dai tukunyarmu ce ta cece mu. Dafa-dukan da uwargida ta yi a bakin tafkin Reschen, har maƙwabtanmu na sansani sai da suka leƙo suna tambayar me ake dafawa.

To ɗan'uwana mai tambaya, amsarka ke nan. In karonku na farko ne, ku auna motar bayan kun yi lodi, ku tafi ta Reschen, ku dawo ta Brenner a tsakiyar mako, ku bar Stelvio wa direban bas. Ku huɗu ne, to wanda ke gefen direba aikinsa karanta alluna da duba taswira, ba ɗaukar bidiyo ba. Kuma tun a filin masu haya, kafin ku fita titi, kowane mai tuƙi ya gwada sauko da giya daga ta huɗu zuwa ta biyu har hannunsa ya saba.

A dawowarmu ta 2024, da muka iso Innsbruck, waya ta sake nuna mini hanyar Zirl da Seefeld, wai ta fi kusa. Uwargida ta kalli wayar, ta kalle ni. Ban ce komai ba, na miƙe ta babbar hanyar Kufstein. Mun ƙara 'yan kilomitoci, mun isa gida kafin magariba.

Nan za mu tsaya a wannan mako. Wanda ya taɓa hawa Mambila da mota, ko direban da ya saba da Hawan Kibo, ina so ku rubuto mana a ƙasa yadda kuke sauko da mota mai kaya, don na tabbata akwai dabarun da ku kuka fi ni sani. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi lissafin kuɗin tafiyar gaba ɗaya, daga haya har mai da sansani. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin irin wannan tafiya. Allah ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.